Malamin Insha'i Ma Sai An Koya Masa

A watannin Yuni da Yuli, lokacin da makarantun Amurka ke dogon hutu, akwai ɗakuna a jami'o'i da dama inda za ka tarar da malamai kamar ashirin sun yi tsit da safe, kowa ya duƙufa a kan takardarsa. Babu yaro ko ɗaya a ɗakin. Wannan baiwar Allah 'yan aji ɗaya na firamare take koyarwa, na kusa da ita malamin tarihi ne a sakandare, can gefe kuma ga wani daga kwaleji. Dukansu suna da digiri, wasunsu sun shekara ashirin suna shan ƙurar alli. An ce kowa ya rubuta wani abu nasa na kansa, in an gama kuma wani zai tashi ya karanta wa jama'a. Nan ne gumi ke karyo wa mutum. Wanda ya saba bin takardun yara ɗari da jan biro, yau ga tasa takardar a hannunsa, ga idanu a kansa, yana jin abin da ɗalibansa ke ji kullum.

Haka ake fara horar da malamin rubutu a wannan tsari. Insha'i ake nufi, wato mutum ya ɗauko abin da ke ransa ya jera shi a takarda yadda wanda bai san shi ba zai karanta ya fahimta, har ya gamsu. Koyar da shi sana'a ce mai zaman kanta. Tana da kayan aikinta da magabatanta da rigingimunta na cikin gida, kuma an daɗe ana ɗora ta a kan mutanen da ba a taɓa koya musu ita ba.

A 1978 wani malamin Jami'ar New Hampshire, Donald Graves, ya rubuta wa Gidauniyar Ford rahoto kan halin da koyar da rubutu ke ciki a ƙasar. Cikin abubuwan da ya duba har da kwasa-kwasan da jami'o'i 36 ke ba masu shirin zama malamai. Ya ƙirga kwas 169 kan koyar da karatu. Na koyar da rubutu kuwa guda 2 ya samu. Ke nan mutum zai gama jami'a, a miƙa masa aji, a ce ya koyar da insha'i, alhali abin da ya sani game da aikin bai wuce yadda nasa malamin ya yi masa ba: a rubuta take a allo, a ce "shafi biyu, ku kawo ranar Litinin," a karɓa, a ja layi ƙarƙashin kowane kuskure, a sa maki, a mayar. Yaro ya leƙa makin, ya ninke takardar ya cusa a jaka. Duk wanda ya yi boko a Kano ko Damagaram ya san wannan darasi. Akwai ba da aiki a cikinsa, akwai hukunci, amma tsakanin ranar da aka ba da take da ranar da aka karɓi takarda, inda ainihin rubutun ke faruwa, malami ba ya nan.

James Gray ya koyar da Turanci a wata sakandare a San Leandro, kusa da San Faransisko, kafin ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley yana duba masu koyon aikin malanta. A farkon shekarun 1970 jami'ar tana ta ƙorafi: ɗaliban da take ɗauka su ne zaƙaƙuran jihar, amma da yawansu sai an mayar da su ajin share fage na rubutu. Jami'a ta ɗora laifi a kan sakandare, sakandare ta ɗora a kan firamare. Maganin da aka saba shi ne a aiko da farfesa ya yi wa malamai lacca ta yini ɗaya, a tafa masa, a watse. Gray kuwa aikinsa na zagaya makarantu ya nuna masa wani abu dabam. Akwai malamai a ajujuwa da suka gano hanyoyi masu aiki, sai dai kowa ya rufe ƙofarsa, na ajin da ke maƙwabtaka da shi ma bai san abin da yake yi ba.

A hutun 1974 ya gayyato malamai ashirin da 'yan kai, waɗanda aka shaida ƙwarewarsu, suka zauna makonni biyar a Berkeley suna koya wa juna. Aka sa wa shirin suna Bay Area Writing Project. A shekarar da ta biyo baya, a Disamban 1975, mujallar Newsweek ta sa matsalar a bangonta tana tambayar abin da ya hana yaron Amurka iya rubutu, hankalin ƙasa ya tashi, aka fara neman wanda ke da magani a hannu. Zuwa 1976 an buɗe cibiyoyi 14 a jihohi 6, shirin ya zama National Writing Project. Daga 1991 majalisar dokokin ƙasar ta riƙa ware masa kuɗi, har cibiyoyinsa suka kai kusan 200 a duk jihohi 50. Kowace cibiya tana cikin wata jami'a, malamin jami'a da malamin makaranta ne ke riƙe da ita tare, kuma a yawancinsu zaman hutun kwas ne na gaba da digirin farko, makinsa na shiga lissafin digiri na biyu.

Sharaɗin da Gray ya fi dagewa a kai shi ne malamin rubutu ya riƙa rubutu. In ka duba, abin mamaki ne a ce sai an faɗi wannan. Ba wanda zai kai ɗansa koyon ɗinki wurin mutumin da bai taɓa taka keke ba, komai yawan abin da ya haddace game da yadi da zare. Amma malamin insha'i yakan shekara goma bai rubuta komai ba sai takardar neman hutu da tsarin darasi, yana kuma hukunta rubutun yara kullum. Shi ya sa a zaman hutun ake raba malaman ƙananan rukunai na mutum huɗu ko biyar, su riƙa haɗuwa da rana. Kowa ya kawo zubin farko na abin da yake rubutawa, ya karanta da baki, sauran su faɗi abin da suka ji, da inda suka ɓace, da inda suke son ƙari. Ya koma ya sake zubi, ya dawo. Malamin da ya yi haka sau uku ko huɗu ya gano da jikinsa cewa rubutu mai kyau kusan kullum da tarkace yake farawa, cewa wani lokaci sai a shafi na uku mutum ke gano abin da yake son faɗa, kuma kalma ɗaya ta wulaƙanci daga mai karatu kan sa a ajiye alƙalami mako guda. In ya koma aji, hannunsa ba zai yi saurin ɗaukar jan biro kamar da ba.

Da safe kuwa lokacin gwajin darasi ne. Kowace rana malami ɗaya ko biyu za su tsaya gaban 'yan'uwansu su gabatar da wata hanya da suke bi a ajinsu, na awa ɗaya da wani abu. Ba a yarda mutum ya ba da labarin darasin kawai ba. Sai ya sa manyan nan sun yi aikin kamar su ne yaran, ya kuma nuna takardun ɗalibansa na gaske, masu kyau da marasa kyau. Bayan nan a tsare shi da tambaya. Me ya sa ka fara da wannan? Yaron da ya ƙi rubuta komai fa, me ka yi da shi? Malamar firamare ta tambayi na kwaleji, na kwaleji ya tambayi ta firamare, kuma sau da yawa na kwalejin ne ke komawa gida da abin mamaki, don bai taɓa sanin ɗan shekara shida na iya sake zubin labarinsa ba. Wanda ya kammala zaman, cibiya kan tura shi makarantu ya horar da wasu malaman, a biya shi.

Sauran lokacin na karanta bincike ne, kuma a shekarun nan ne binciken ya fara samuwa. A 1971 Janet Emig ta wallafa nazarin da ta yi a kan ɗalibai 8 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Ta sa su suna rubutu suna faɗin abin da ke zuwa musu a rai da ƙarfi, tana ɗauka. Abin da ta gani ya saɓa wa abin da littattafan makaranta ke koyarwa, don yaran ba sa tsara jadawalin batu kafin su fara, kuma aikin makaranta ba sa sake duba shi in ba don gyaran harafi ba. A 1972 Donald Murray, ɗan jarida da ya ci kyautar Pulitzer a 1954 kafin ya koma koyarwa, ya rubuta wata gajeriyar maƙala da ta yi tasiri ƙwarai, yana kira da a koyar da matakan yin rubutu maimakon a tsaya hukunta abin da aka gama. Graves kuma, shi da mataimakansa Lucy Calkins da Susan Sowers, suka shekara biyu a wata firamare a garin Atkinson suna zaune kusa da yara 16 suna kallon yadda suke rubutu.

Amma in aka tambaye ni wanda ya fi kusantar zuciyar sana'ar, Mina Shaughnessy zan ce. A 1970 jami'ar birnin Niyok ta buɗe ƙofarta ga duk wanda ya gama sakandare a birnin. Sai ga dubban 'ya'yan talakawa da na baƙi sun cika ajujuwa, farfesoshi suka duba takardunsu suka ce waɗannan ba za su koyu ba. Shaughnessy ta zauna da takardu kimanin 4,000 na waɗannan ɗalibai tana karantawa, ta fitar da littafinta Errors and Expectations a 1977, shekara ɗaya kafin rasuwarta. Abin da ta nuna shi ne kuskuren ɗalibi yana da dalili. Wani yana yar da ƙarshen kalma ne don a Turancin gidansu ba a furta shi. Wani jimlarsa ta cukurkuɗe ne don yana ƙoƙarin kwaikwayon maganar littafi da bai saba da ita ba, ya ɗauko tunani mai nauyi, jimlar ta karye a tsakiya. Irin wannan karyewar alama ce ta yaro yana miƙa hannu sama, kuma malamin da ya hukunta shi a kanta ya koya masa ya koma gajerun jimloli marasa haɗari.

Mu kawo abin gida don a gan shi sosai. Yaro ya rubuta shafi guda da Hausa, malam ya ja layi wuri talatin. In ka zauna ka rarrabe, za ka ga ashirin daga ciki "yazo" ne da "tace" da "sukayi". Kuskure ɗaya ne aka maimaita sau ashirin: yaron yana rubuta abin da kunnensa ke ji a haɗe, ba a taɓa nuna masa cewa "ya" da "ta" da "suka" a ware suke da aikatau ba. Darasin minti goma ne. Malamin da aka horar yakan karanta takardun aji gaba ɗaya ba biro a hannu, yana neman irin wannan zaren, sannan ya yanke shawarar abu ɗaya ko biyu da zai koyar a makon. Wanda ba a horar ba yakan kwana yana jan layi, ya gaji, yaron kuma bai ƙaru da komai ba sai sanin cewa shi daƙiƙi ne.

Nancy Sommers ta duba wannan ɓangaren a 1982, ta nazarci abin da malamai 35 na jami'o'i biyu ke rubutawa a gefen takardun ɗalibai. Ta tarar da yawancin sharhin za a iya ɗauke shi daga wannan takarda a manna a waccan ba abin da ya canza: "ba a gane ba," "ƙara bayani," "gyara." Ta kuma ga malami kan ce wa ɗalibi ya gyara waƙafi a cikin sakin layin da shi kansa ya ce a rushe a sake. To, wanne zai yi? Saboda haka ake koya wa malamai su bambanta zubin farko da na ƙarshe. A na farko maganar ma'ana ake yi. Aya da waƙafi suna da ranarsu, kuma ranar tana zuwa, amma sai bayan an san abin da za a faɗa.

Kayan aikin da ya fi wuyar koyo shi ne ganawa da ɗalibi, ta minti biyu ko uku, a gefen tebur, sauran aji na rubutu. A ce yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta kawo wannan: "Ranar Asabar mun je gidan kakata. Mun ci abinci. Mun yi wasa. Kakata ta ba ni zobenta. Da yamma mun dawo gida. Na ji daɗi sosai." Babu kuskure ko ɗaya, babu kuma komai a ciki. Sabon malami zai rubuta "da kyau" ko "ya yi gajarta." Gogaggiyar malama za ta ja kujera ta ce, "Wane zobe ne wannan?" Yarinyar ta ce na azurfa ne, tun auren kakar yake hannunta, sai da aka sa sabulu ya fita. "Me ya sa ta ba ki shi ranar?" Yarinyar ta yi shiru, can ta ce ranar Litinin za a kwantar da kakar a asibiti. Malamar ta nuna takardar da yatsa ta ce, "Ina wannan a nan?" Daga nan ta tashi ta wuce wurin na gaba. Ba ta rubuta wa yarinyar jimla ko ɗaya ba. Ta gano layin da ke da rai cikin shida, ta yi tambaya uku, ta bar mata aikin. Sanin inda za a tsaya, da haɗiye maganar da ke bakinka don kada rubutun ya zama naka, shi ake shekaru ana koyo. A wasu kwasa-kwasan malamai kan ɗauki muryar ganawarsu su saurara daga baya, su ji wa ya fi yin magana, su ko yaron.

Akwai kuma tsohuwar gardamar nahawu. Tun 1963 wani babban bita na bincike da Richard Braddock da abokansa biyu suka yi ya nuna cewa koyar da nahawu shi kaɗai, a ware da rubutu, ba ya gyara insha'in yaro, yana ma iya cutarwa don yana cinye lokacin rubutun. George Hillocks na Jami'ar Chicago ya sake tattara binciken shekaru ashirin a 1986 ya samu haka. Malamai da yawa ba sa son jin wannan, ni ma na fahimce su, don nahawu yana da daɗin koyarwa da sauƙin jarrabawa. Amma yaro na iya ware suna da aikatau da sifa tsaf, ya kasa rubuta wa kawunsa wasiƙa.

Hillocks ya shafe shekaru yana horar da masu digiri na biyu a fannin koyar da Turanci, kuma akwai wani darasinsa da almajiransa suka yaɗa. A zuba ƙwanson katantanwar teku iri-iri a tebur, kowane yaro ya ɗauki ɗaya ya siffanta shi a rubuce. A mayar da su cikin tarin, a ba wani yaro takardar ya nemo wanda ake nufi. In an rubuta "yana da kyau, ruwan ƙasa ne," mai nema zai tsaya yana kallon goma masu kama da juna. Marubucin ya gani da idonsa cewa maganarsa ba ta isa ba, ya koma ya ƙara duban ƙwanson: ashe akwai tsaga a bakinsa, ashe layukansa bakwai ne, cikinsa kuma ja-ja ne. Ba wanda ya yi masa lacca a kan siffantawa. Hillocks ya samu cewa irin wannan darasi, inda malami ya shirya matsala da kayan aiki ya sa yara su yi fama da ita tare, ya fi lacca amfani nesa ba kusa ba, ya kuma fi a sake wa yara kawai su rubuta abin da suka ga dama.

Ba hanyar Berkeley kaɗai ba ce. A kan tsaunukan jihar Vermont akwai Bread Loaf, makarantar Kwalejin Middlebury da aka kafa a 1920, inda malamai ke zuwa makonni shida kowane hutu, su haɗa digiri na biyu cikin hutu huɗu ko biyar. Can Nancie Atwell, malamar ƙaramar sakandare a wani garin masunta na jihar Maine, ta je ta zauna a ajin Dixie Goswami, wadda ke matsa wa malamai su zama masu binciken ajinsu. Atwell ta ba da labarin wani ɗalibinta da ba ya fara rubutu sai ya yi zane, ita kuma tana hana shi don ta ɗauka wasa yake. Daga baya ta gane zanen ne hanyarsa ta tattara tunani. Ta rushe tsarin darasinta ta mayar da ajin wurin aiki, inda yara ke zaɓar abin da za su rubuta, ita kuma tana zagayawa. Littafinta In the Middle na 1987 ya shiga hannun malamai da yawa, kuma a 2015 ita ce ta fara cin kyautar malamin duniya ta dala miliyan ɗaya, ta ba makarantar da ta kafa kuɗin.

Sai dai tun abin yana kan ganiyarsa wata murya ta taso daga cikin gida. Lisa Delpit, malama baƙar fata, ta rubuta maƙaloli biyu a mujallar ilimi ta Harvard a 1986 da 1988. Ta ce malamai baƙaƙen fata da yawa suna ja da baya daga wannan tsari, kuma ba wanda ya tsaya ya tambaye su dalili. Dalilin shi ne ana ta cewa a saki yara su sami sakin hannu, alhali yaransu ba su rasa baki ba, ko a wasa ko a waƙa. Abin da suka rasa shi ne Turancin ofis da na jarrabawa, wanda ɗan mai hali ke sha a gida tun yana goye. In malami ya ƙi faɗa wa ɗan talaka ƙa'idar a fili, wai kada ya danne masa murya, to ya bar shi a bakin ƙofa ba mabuɗi. Ina ganin gaskiya ta faɗa, kuma maganar ta shafi duk yaron da ke rubutu da harshen da ba shi ake yi a gidansu ba.

Daga wannan ɓangaren ne hanyar Judith Hochman ta yi suna. Ita daga jimla take farawa. A ba yara guntun magana ɗaya su ƙarasa ta sau uku: "Manoma sun yi shuka da ruwan farko saboda...", "Manoma sun yi shuka da ruwan farko amma...", "Manoma sun yi shuka da ruwan farko, don haka..." Ƙaramin aiki ne a ido, amma ba ya yiwuwa sai yaro ya san dalili, ya san abin da ya saɓa, ya san abin da ya biyo baya, kuma malamin kimiyya ko na tarihi ma zai iya yin sa a darasinsa. Wata sakandare mai suna New Dorp a Niyok, wadda sakamakonta ya lalace, ta rungumi hanyar a kusan duk darussa, sakamakon ya farfaɗo, mujallar Atlantic ta ba da labarin a 2012. Har yau ana ja-in-ja tsakanin ɓangarorin biyu, wani lokaci da zafi. Malamin da ya ƙware dai za ka same shi da duka biyun: da safe ya koyar da "amma" da "saboda" a allo, an jima ya ja kujera ya tambayi yarinya labarin zobe.

Ko horon na aiki? A 2007 Steve Graham da Dolores Perin suka tattara gwaje-gwaje masu yawa a wani rahoto da suka yi wa Gidauniyar Carnegie. Abin da ya fi tasiri a lissafinsu shi ne koya wa yara dabarun tsarawa da bita a fili, da koya musu taƙaita abin da suka karanta. Hanyar bin matakan rubutu ta zo da tasiri matsakaici, amma da wani bayani mai muhimmanci: inda aka horar da malamai a kanta ta yi amfani, inda ba a horar da su ba kuwa amfanin ya ragu ƙwarai. Daga baya cibiyar bincike ta SRI ta gwada wani shirin National Writing Project na koyar da rubutun kafa hujja a gundumomin karkara 44 cikin jihohi 10, aka raba su da ƙuri'a, ɗaliban malaman da aka horar suka fi sauran iya kawo hujja da tsara ta. Sai dai tun a 2011 majalisa ta yanke kuɗin da take ba shirin kai tsaye, cibiyoyi suka koma neman tallafi nan da can, wasu suka rufe.

Tun ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, wato manhajar da ke iya rubuta wa mutum insha'i, malamin da ke ba da take ya jira takarda ya shiga uku, don ba shi da hanyar sanin wa ya rubuta. Wanda ya ga zubin farko da na biyu, ya kuma zauna da yaron a kansu, damuwarsa ba ta kai haka ba.

Babbar wahalar sana'ar ita ce yawan takardu. Ƙungiyar malaman rubutu na jami'o'in Amurka ta ce kada ajin rubutu ya wuce ɗalibai 20, kada kuma malami ɗaya ya riƙe fiye da 60 a zango. Malamin sakandare a can kansa yakan riƙe fiye da ɗari, balle namu da ke shiga aji ɗaya ya tarar da tamanin ko casa'in, wasu a ƙasa. Wannan ma yana cikin abin da horon ke koyarwa, kuma shi ne ya fi dacewa da mu. Ba kowane rubutu ne sai malami ya duba ba. Yara su riƙa rubutu kullum a littafinsu, su karanta wa juna bibbiyu bayan an koya musu irin tambayar da ake yi, malami ya gana da biyar ko shida a rana, ya ɗebi takardu goma ya gano kuskuren da ya fi yawa ya koyar da shi gobe, sai a ƙarshen wata kowa ya zaɓi guda ɗaya ya goge ta tas ya kawo a sa maki. Kayan da Gray ya fara da su ɗaki ne da takarda da malamai da makonni biyar. Dogon hutu muna da shi, Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana karantar da malamai a cikinsa, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna kuma tun 1976 aikinta ke nan na ƙara wa malaman da ke bakin aiki ilimi. A kowace ƙaramar hukuma akwai malamar Hausa ko malamin Turanci da iyaye suka san ɗalibansa sun fi na kowa iya wasiƙa. Su ya kamata a fara nemowa, a zaunar da su ɗaki ɗaya da na firamare da na kwalejin ilimi, a ba kowa takarda ya rubuta nasa kafin a ce ya nuna yadda yake koyarwa.